Mutanen Ikko

A gidanmu in ka ji an ce "mutanen Ikko", to Kawu ake nufi da iyalinsa da ke Legas. Ƙanin mahaifiyarmu ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ya bar garinmu, can yankin Funtuwa, yana saurayi, ya bi wani Alhaji mai fataucin goro, tun daga nan bai sake dawowa da zama ba. Yakan zo gaisuwar mutuwa, wani lokaci Babbar Sallah, ya kwana biyu ya juya. 'Ya'yansa kuwa sai dai a hoto. In hirarsu ta faɗo a tsakar gida sai ka ji wata gwaggo ta ce, "Ai waɗannan sun zama Yarbawa," a yi dariya a wuce. Da goron auren autarsa ya iso, Inna ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, yayyena kowa ya kawo nasa uzurin, ƙuri'a ta faɗo kaina. Aka haɗa mini daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da turmin atamfa, sannan Inna ta ja ni gefe ta ba ni saƙon baki: in tambayi Kawu yaushe zai dawo gida, tunda girma ya zo.

Direbanmu ya ƙi bin Birnin Gwari, ba wanda ya yi masa gardama. Muka zagaya ta Zariya da Kaduna, muka karya ta Lambata zuwa Bida da Mokwa, tankokin mai a gaba tireloli a baya, ramuka kuwa ba a magana. Abin da ya ɗauke mini gajiya shi ne mutanen cikin motar. Akwai wani Babarbare mai sayar da hula da wani Bafulatani dillalin shanu, tun daga Kaduna suke wasan da suka gada, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Akwai Banufe, akwai samari biyu Zabarmawa daga Nijar, akwai wani Kirista ɗan Kafancan da ke aikin gadi a Ikeja. Kafin mu haye gadar Jebba kowa da sunan ƙabilarsa ake kiransa. Da muka wuce Ilori muka tsaya cin abinci a Ogbomosho, mai tuwon ta leƙo ta ce wa yarinyarta ta kawo wa Hausawan nan ruwa. Ba wanda ya gyara mata. Ɗan Kafancan ma hannu ya miƙa ya karɓa, ya ce mata sannu da Yarbanci. Daga nan har Legas Hausawa muke, dukanmu.

Abu na farko da mai shiga Legas ta hanyar Ibadan yake gani shanun Arewa ne, a kasuwar Kara, ƙarƙashin doguwar gadar nan da ke gab da Berger. Daga nan sai hayaniya ta karɓe ka: motocin danfo masu ruwan ɗorawa, kwandasta rataye a ƙofa yana kiran sunan unguwanni kamar mai faɗa, 'yan tasha suna bin kowace mota da gudu suna karɓar nasu. Ɗan Kawu na uku ne ya tare ni. Ya kai gwiwa ƙasa ya gaishe ni, ya ce, "Yaya, sannu da hanya," da wata irin Hausa mai hawa da sauka, kalmomin namu ne amma waƙar ta Yarbanci ce. Ya juya ya yi cinikin Keke Napep da Yarbanci tsantsa har mai keken ya rage, ya amsa waya da Turancin buroka, ya dawo kaina da Hausa, duk a numfashi ɗaya.

Agege, unguwar su Kawu, ba ta yi mini kama da baƙon wuri ba, kuma wannan ne ya fara ɗaure mini kai. Muna sauka daga wajen gadar Pen Cinema, wadda aka buɗe a 2021, sai ga mai shayi da tulin burodin nan na Agege, ga mai tsire, ga wanzami a gindin bango, ga almajiran allo, rediyo na ta zuba labaran rana da Hausa. Layin dogo ya raba garin biyu, kuma shi ne asalin labarin. Jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911. Kafin nan fataken Hausa da jakuna suke zuwa Gwanja neman goro, tafiyar watanni. Da manoman Agege da Ifo da Shagamu suka dasa goro, ga kuma tasha a bakin gona, sai fatauci ya juyo nan. Fatake suka kafa zango, zango ya zama unguwa, unguwa ta yi sarki. Gonakin goron yanzu duk gidaje ne, goron ma daga wajen Ondo da Osun da Shagamu ake kawo shi, amma jikokin waɗancan fatake suna nan, suna da Sarkin Hausawansu da masallatansu da maƙabartarsu. Matar Kawu, wadda kowa ke kira Alhaja, cikin irin waɗannan gidaje aka haife ta. Kakanta Bakano ne, mahaifiyarta Bayarabiya, ita kuwa ba ta taɓa kwana a Kano ba sai a hanyar Hajji.

Kawu ya sauka a tashar Agege watanni kaɗan kafin a kashe Murtala a 13 ga Fabrairun 1976, da wannan yake lissafin zamansa. Gidansa irin na Legas ne, doguwar baranda a tsakiya, ɗakuna suna kallon juna. Shi da iyalinsa suna gaba, 'yan haya suna baya: wani tela Bayarabe, wata malamar asibiti 'yar Ibo, da wasu samari 'yan Sakkwato masu sayar da agogo. Famfo ɗaya, layin shanya ɗaya. Ranar biki ban iya gane wane ne ɗan haya wane ne ɗan gida ba, don matar telan ce ke riƙe da makullin ɗakin da aka tara kayan gara.

An ɗaura aure da hantsi a masallacin unguwa, da waliyyi da wakili da sadaki a bayyane, aka raba goro da alewa, maroƙi ya yi shela, ba abin da ya bambanta da na gida. Limamin da ya yi addu'a a Markaz ya yi karatu, makarantar Larabcin nan da Shaihu Adamu Al-Ilori ya kafa a Abekuta a 1952 kafin ya dawo da ita Agege, ya yi nasiha da Hausa ya maimaita da Yarbanci. Da yamma kuwa aka toshe layi da rumfuna. Mata sun yi anko, ɗaurin kallabi ya kai inda ya kai. Ga tuwon shinkafa da miyar taushe, ga amala da ewedu, ga dafa-duka ana zubawa daga manyan kuloli. Mai kalangu na gefe guda, masu gangar Yarbawa na ɗaya gefen, aka yi ta liƙi. Na zauna ina ta neman inda zan ce to, nan ne Hausa ta ƙare Yarbanci ya fara, ban samu ba.

Amarya ce ta gama da ni. Da aka kai ni in yi mata sallama, tana lulluɓe, hannu ya sha lalle, sai ta ɗaga mayafi kaɗan ta ce, "Au, taubashi ne? Da daddawa kawai aka aiko ka? Lallai Arewa an ji jiki." Ɗakin ya ɗauki shewa. Yarinyar da ba ta taɓa ganina ba, wadda ake ce wa ta zama Bayarabiya, ta san ɗan gwaggonta abokin wasanta ne, ta kuma san tana da damar ta yi mini tsiya ranar aurenta. Wani ne ya zauna ya koya mata wannan, a wannan gida mai famfo ɗaya. Na rama dai gwargwadon iko, na ce ai gara mu, ba ma zuba barkono a shayi.

Akwai wani ɗan maƙwabcinmu da mahaifiyarsa ta roƙe ni in duba mata shi. A garinmu ana ganinsa cikin waɗanda Legas ta karɓa, don duk Juma'a sai ya ɗora hoto a Facebook, shadda sabuwa, agogo, ya jingina da wata baƙar jif. Ya ce in same shi a kasuwar Mil 12 bayan sallar asuba. Wanda bai ga Mil 12 da sassafe ba bai san yadda Legas ke cin abinci ba. Tireloli sun kwana suna shigowa, tumatir da tattasai da attaruhu daga Kano da Katsina da Filato, albasa daga Aliero da Sakkwato, kwanduna jere har inda ido ya tsaya, ƙasa ta yi caɓa-caɓa da ruɓaɓɓen tumatir da ruwan sama. Farashi ba a rubuce yake ba, yawan motocin da suka kwana shi ke yanka shi. In mota ta yi yawa manomi ya yi kuka, in ta yi ƙaranci matan Legas su yi.

A nan na same shi, da tsohuwar riga da gammo, yana sauke kwando daga kan tirela. Da ya gan ni ya yi turus, sannan ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Acaba yake yi da, har ya fara tara kuɗin aure. A 1 ga Yunin 2022 aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, aka kama babur ɗinsa, bai sake ganinsa ba. Ya dawo dako. Ya nuna mini inda yake kwana, wata rumfa ce a bayan masallaci, su da yawa, kowa da tabarmarsa da jakar bakko a matsayin matashi. Shaddar nan tana can ƙasan jakar a naɗe cikin leda, ita kaɗai ce, ranar Juma'a take fitowa. Motar kuwa ta wani mai shago ce da ke ajiye ta kusa da masallacin. Ya saya mini shayi da ƙwai, ya hana ni biya, har ransa ya so ɓaci da na sa hannu a aljihu. Da za mu rabu ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, don Allah in ka je ka ce ka same ni lafiya. Iya nan kawai."

Na daɗe ina juya wannan roƙo. Da sauƙi mutum ya ce ƙarya yake yi wa mutane, amma ni ban ga maƙaryaci ba. Duk wata sai ya tura wa tsohuwarsa kuɗin hatsi, shi ya biya wa ƙanwarsa kuɗin jarrabawa. Hoton na tsohuwar ne, don ta yi barci, ta kuma ɗaga kai a gidan suna. Mu na gida kuma muna da namu hannun a ciki: in ya kira waya, kafin a tambaye shi ya jiki an tambaye shi ya kasuwa, kuma kowa ya san abin da tambayar ke nufi. Ba mu taɓa tambayar inda yake kwana ba, don amsar za ta sa mu ji nauyin karɓa.

Maigidansa dillali ne, dattijo ɗan Ɗanja, yana zaune kan benci da ɗan littafi da waya biyu. Manomi na can Arewa zai loda kaya ya turo, bai taka ƙafarsa Legas ba. Dillali ya sayar, ya cire la'adarsa da kuɗin mota da na 'yan dako, ya tura sauran. Ina zaune wata Bayarabiya ta zo, suka gaisa da Yarbanci, ta taɓa wannan kwando ta leƙa wancan, ta zaɓi shida, aka ɗora mata, ta tafi ba ta ba da ko sisi ba. Ya ga ina kallonsa. Ya ce, "Sai ta sayar. Tun tana goyon 'yarta muke tare, yanzu 'yar ce ke kawo kuɗin. Ka ga ko ƙofar gidanta ban sani ba." Ya ce lokacin rikicin Maris na 2016, da aka rufe kasuwar, ita ce ta fara kiransa ta ji ko yana raye, kafin 'yan'uwansa na gida. Ya kuma tuna ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, da ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta tsayar da lodi zuwa Kudu kusan mako guda. Tumatir ya yi tsada a Legas, ya ruɓe a gonakin Arewa. "Kowa ya ji a jikinsa," in ji shi, "mu da su. Daga nan masu cika baki a rediyo suka yi shiru."

Ban ce zaman lafiya lau ake yi ba. Ana zagi, ana raini, akwai mai gidan hayar da in ya ji Hausa a bakinka zai ce ɗaki ya ƙare. Su ma namu ba a bar su a baya ba, na ji abin da ake faɗa a teburin mai shayi in an tabbatar ba baƙon kunne. Amma mutumin da ya zagi ƙabila guda da safe, da rana za ka gan shi ya ba ɗan wannan ƙabilar bashin kwando shida ba takarda. Da jimla ake ƙi, da ɗai-ɗai ake yarda, kuma mutum ɗaya ne ke yin duka biyun ba tare da ya ji wani abu ya saɓa ba.

Saƙon Inna sai da biki ya watse na isar da shi. Bayan lisha ne, Kawu na zaune a ƙofar shagonsa ya kwance huhun goro yana gyara. Yana ɗaukar kowane ɗaya ya juya shi a hasken fitila, wanda sankara ta taɓa ya jefa a wani kwano, mai kyau ya mayar, marsa gefe guda, ƙanana gefe guda. Ya cire ganyen da ya bushe ya shimfiɗa sabo, ya yayyafa ruwa da yatsu. Hannunsa ya san aikin, ba ya ko kallo sosai. Na faɗi abin da aka aiko ni. Bai ce komai ba sai da ya ƙirga ƙwarya guda, goro 100 cif, ya ture gefe, ya ɓare wani fari ya miƙo mini rabi.

"Ka san na taɓa komawa?" Ban sani ba. Ya ce a 2002 ne. Ranar 27 ga Janairu bama-bamai suka tashi a barikin soja na Ikeja, nan kusa da su, mutane suka yi ta gudu cikin duhu, da yawa suka faɗa kwatamin Oke-Afa suka mutu. Ba a yi kwana goma ba rikicin Idi-Araba ya ɓarke. Ga na Shagamu na 1999 bai gama fita daga ransa ba, don abokan cinikinsa na goro na cikin waɗanda abin ya shafa. Ya ce ya isa. Ya ɗaure kaya ya tafi gida shi kaɗai, da niyyar ya gyara wuri ya dawo ya kwashi iyali. "An karɓe ni hannu bibbiyu, har kaza aka yanka. Sati na farko ana ta zuwa gaishe ni. Sati na biyu na ce a nuna mini iyakar gonar Baba. Daga ranar aka fara tambayata yaushe zan koma, kada kasuwa ta lalace."

Ya yi dariya, ba ta ɗaci ba. Ya ce bai riƙe kowa ba, wanda ya shekara 20 yana noma wuri ya zuba taki, dole ya ji tsoron mai zuwa da maganar gado. Na san gonar, na san masu noma ta, da cinsu na girma. Ya ce 'ya'yansa biyu suna kwance a maƙabartar Agege, da maigidan da ya kawo shi, da surukansa. In ya yi zazzaɓi, kafin la'asar mutum goma sun leƙo. "Ka gaya wa Yaya ina jin maganarta, kuma na san ita da gaske take. In Allah ya kai mu bayan Sallah zan zo in daɗe. Amma ta daina cewa ina baƙunta. Can nake baƙo."

Ana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma kullum da sigar gargaɗi ake faɗa, kamar laifin na mai tafiya ne shi kaɗai. Ban taɓa jin an tambayi gidan me ya sa ya yi saurin rufe gurbin ba.

Kafin in taho, ɗan Kawun nan da ya tare ni ya ce sai na ga teku. Muka hau gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wadda Babangida ya buɗe a 1990, gidajen Makoko na tsaye kan sanduna a cikin ruwa daga ƙasa. Ya kai ni gidan tarihi na Onikan, muka tsaya gaban baƙar Marsandin da aka harbe Murtala a ciki, ramukan harsashi na nan. Muka bi ta dandalin Tafawa Ɓalewa muka ɓulla Obalende cin tsire. Shi ne ma ya ba ni labarin cewa sojan Nijeriya daga 1863 suke ƙirga shekarunsu, shekarar da wani jami'in mulkin mallaka mai suna Glover ya tara Hausawan da suka gudo daga bauta a nan Legas ya ba su bindiga. Ya faɗe shi da alfahari, ya ce, "Ka ga mun riga da yawa daga masu ce mana baƙi zuwa garin nan."

A nan bakin mai tsire ya fito da abin da ke cinsa. Ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, yana neman aikin gwamnatin tarayya. Kowane fom sai ya tambayi jihar asali da ƙaramar hukuma, a kuma haɗa da takardar shaida. A Agege aka haife shi, a nan aka haifi uwarsa, a nan yake zaɓe, amma in ya rubuta Legas sai a dubi sunansa a ce ina garin ubanka. Dole ya rubuta Katsina, jihar da sai a 1987 aka ƙirƙiro ta, Kawu na da shekara 11 da barin gida. Ya ce ya taɓa zuwa neman takardar, wanda ya tarar a ofishin ya saurari Hausarsa ya ce ya je ya zo da wanda ya san shi.

Ya ciro ambulan daga aljihu, hotunan fasfo ne da kwafin takardar haihuwa. Na ce ya bar mini, mai unguwarmu ya san Kawu, ya san kakanmu, zan kai shi gaban dagaci in ya zo, ya dai shirya zuwa da kansa. Ya ce to in an tsare shi da tambayoyi a wurin tantancewa fa? Na shiga lissafa masa: sunan gundumarmu, sarautar hakiminmu, unguwar da gidan kakansa yake, garuruwan da ke maƙwabtaka da mu gabas da yamma. Yana ta rubutawa a waya, yana maimaitawa a hankali don bakinsa ya saba, har ya tambaye ni ranar da kasuwar garinmu take ci, ya ƙara a ƙasa.